'Yan Tsanar Barbie Na Ƙarshen Shekara: Dukiya Ce Ko Kwalliya?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka. A watan jiya na je gidan wata tsohuwa da ta rasu, inda 'ya'yanta ke sayar da kayanta, na sayi 'yan tsana bakwai na Barbie, irin masu manyan riguna da ake fitarwa lokacin Kirsimeti, na tsakanin 1990 da 1997. Shida suna cikin kwalayensu ba a taɓa buɗewa ba. Ɗaya a waje take, an rubuta 1966 a bayanta, kuma kunnenta ɗaya ya yi kore. Da na duba intanet sai na ga ana neman dala dubu biyu har fiye a kan irinsu. Shin dukiya na tsinta? In buɗe su ko in bar su? Zan iya kai su gida Kano? Maigidana sai dariya yake yi mini, wai na girma da wasan 'yar tsana."

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayoyinki uku ne, amma dukkansu suna rataye ne a kan ta farko, wato ko abin da kika saya yana da tsadar da kika gani an rubuta, domin amsarta ce za ta nuna miki yadda za ki yi da kwalayen da kuma ko wahalar ɗaukarsu zuwa gida ta cancanta. Ni tela ce, kuma ta ƙofar ɗinki na shiga wannan harka shekaru da dama da suka wuce, lokacin da wata maƙwabciyata Ba'amurkiya ta kawo mini rigar 'yar tsanarta da ta yage in gyara mata. Tun daga nan nake saye, nake gyarawa, wani lokaci kuma nake sayarwa. Ba zan ɓoye miki ba: a mafi yawan lokuta waɗannan 'yan tsana na shekarun 1990 ba sa kawo kuɗin kirki. Dalilin hakan kuwa shi ne mafi amfanin abin da mai fara tara su zai sani.

Asalin wannan jeri

Kamfanin Mattel ya fara nuna Barbie ranar 9 ga Maris, 1959 a wajen baje kolin kayan wasa na birnin New York. Ruth Handler ce ta ƙirƙiro ta bayan ta ga wata 'yar tsanar Jamus mai suna Bild Lilli, ta kuma sa mata sunan 'yarta Barbara. A wancan lokaci dala 3 ake sayar da ita, kuma yara aka yi wa ita, su tuɓe mata kaya, su aske mata gashi, su manta da ita a bayan gida. Sai bayan kusan shekara talatin, a 1988, kamfanin ya fitar da ta farko a jerin da ya kira Happy Holidays Barbie, sanye da ƙatuwar jar riga ta yadin raga mai ƙyalƙyali. Daga nan kowace shekara sai an fito da sabuwa: ta 1989 farar riga, ta 1990 ruwan hoda mai ƙarfi, ta 1991 koren karammiski, ta 1992 ruwan azurfa, ta 1993 ja da ruwan gwal, ta 1994 ruwan gwal, ta 1995 kore mai sheƙi, ta 1996 karammiski ja mai duhu, ta 1997 fari da ja, sannan ta 1998 baƙar riga. A nan sunan Happy Holidays ya tsaya. Ta 1999 an kira ta Millennium Princess, aka yi ta sauya suna na 'yan shekaru, kafin a zauna a kan Holiday Barbie, wanda ake amfani da shi har yau.

Akwai abin da nake so ki sani game da hannun da ya zana wasu daga cikin waɗannan riguna, domin ni shi ya fara jan hankalina. Kitty Black Perkins, baƙar fata 'yar jihar South Carolina wadda ta shiga Mattel a 1976, ita ce ta tsara baƙar Barbie ta farko da aka fitar a 1980, kuma tana cikin waɗanda suka zana rigunan farko-farko na wannan jeri. Daga 1990 aka fara fitar da baƙar fata tare da farar a kowace shekara. Idan a cikin naki akwai baƙa, ki lura da ita, domin ba a cika cin karo da su da yawa kamar fararen ba, kuma akwai masu tarawa da su kaɗai suke nema.

Dalilin da ya sa ba su yi tsada ba

Ta 1988 ta zo wa mutane ba zato. Ba wanda ya san farkon jeri ce, aka saya wa yara, yara suka buɗe suka yi wasa da ita, ta kuma ƙare a kantuna da wuri. Bayan 'yan shekaru, da manya suka fara neman cika jerinsu, sai aka tarar wadda ta rage a rufe cikin kwali ba ta da yawa, farashinta ya tashi. Labarin wannan tashi shi ya haifar da duk abin da ya biyo baya. Iyaye da kakanni a faɗin Amurka suka ɗauka cewa kowace ta ƙarshen shekara haka za ta yi, sai suka shiga sayen biyu-biyu da uku-uku, ɗaya a ba yarinya, sauran a ɗora saman kabad da niyyar wata rana za su biya kuɗin jami'a. A 1995 rububin ya kai har kaya suka yanke a kantuna kafin Kirsimeti, Mattel ya koma sayar da takardar alkawari cewa za a aiko wa mutum tasa daga baya. Kamfani kuwa da ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya ƙara yawan abin da yake bugawa. A daidai wannan zamani ne Amurkawa suka yi irin wannan zazzaɓi a kan ƙananan dabbobin yadi da ake kira Beanie Babies, kuma ƙarshen labarin biyun ɗaya ne.

Sakamakon shi ne abin da kika gani da idonki a gidan tsohuwar nan. Tsada a harkar tsoffin kaya tana zuwa ne daga abin da mutane suka yi sakaci da shi har ya ƙare, ga masu nema kuma suna nan. Waɗannan kuwa kowa ya adana, kowa ya bar su a rufe, kuma waɗanda suka adana ɗin yanzu sun tsufa, wasu sun rasu, 'ya'yansu suna fito da su kasuwa a lokaci guda. Barbie ta 1959, wadda ake gane ta da ramuka a tafin ƙafa da farin ƙwayar ido da rigar ninkaya mai ratsin baƙi da fari, tana kai dubban daloli saboda kusan duk an lalata su da wasa. Ta 1996 kuwa, a duk kasuwar tsoffin kaya da na shiga a Amurka da wuya in fita ban ga guda ba. A abin da na saba gani, na shekarun 1990 suna tafiya ne a kan 'yan gomomin daloli, sau da yawa kusa da kuɗin da aka saye su sababbi ko ƙasa da haka, ta 1988 ce kawai ke iya haura ɗari idan kwalinta lafiya lau yake.

To ina dala dubu biyun da kika gani? Wannan kuɗin da mai kaya ya yi wa kayansa ne, ba wanda aka biya ba, kuma a intanet kowa yana iya rubuta abin da ransa ya so ya zauna jira shekara da shekaru. Idan kin shiga kasuwar intanet ta eBay, ki nemi wurin da ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar, ki duba goma ko ashirin na shekarar da kike da ita, ki ɗauki na tsakiya, sannan ki cire kuɗin aikawa da ladan dandalin, domin kwalin babba ne kuma aika shi ba arha. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin kayanki. Za ki kuma ci karo da masu tallata ta 1997 da cewa tana da kuskuren bugu, saboda hoton bayan kwalin ya nuna idonta kore alhali na 'yar tsanar shuɗi ne. Kuskuren ya faru da gaske, amma an buga kwalayen da yawan da ya hana su zama abin nema, don haka kada wannan ya ruɗe ki, ko kina saye ko kina sayarwa.

Batun 1966

Wannan lamba ta yaudari mutane fiye da kowane abu a harkar Barbie. Shekarar da ke bayan 'yar tsana ta rajistar ƙirar gangar jikin ce, wato jikin nan mai juyawa a ƙugu, kuma Mattel ya ci gaba da zuba 'yan tsana a wannan ƙira har ƙarshen shekarun 1990 ba tare da ya sauya lambar ba. Idan kin ɗaga gashinta kika duba ƙeya, mai yiwuwa ki ga 1976, wadda ita ma shekarar ƙirar fuskar ce, fuskar nan mai buɗaɗɗen murmushi da masu tarawa ke kira Superstar. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne sunan ƙasar da aka buga a jiki. Barbie ta farkon zamani a Japan aka yi ta, daga 1959 zuwa farkon shekarun 1970. Idan kika ga Malesiya ko Sin ko Indonesiya, to ta baya-bayan nan ce, ko da wace shekara aka rubuta. Shi ya sa ma tsofaffin masu tarawa ba sa kiran irin naki "tsoffi" a ma'anar da suke nufi, domin a wurinsu wannan suna na waɗanda aka yi daga 1959 zuwa wajen 1972 ne. Naki sun haura shekara ashirin da biyar, sun tsufa a lissafin kwanaki, amma a lissafin kasuwa har yanzu na zamani ne.

A buɗe ko a bari

A nan ne masu tarawa suka rabu gida biyu, kuma ni ina da ɓangaren da nake. Za ki riƙa ganin haruffan NRFB a tallace-tallace, ma'anarsu ba a taɓa fitar da ita daga kwali ba, kuma gaskiya ne cewa wadda ke rufe ta fi wadda aka buɗe kuɗi. Sai dai idan bambancin bai wuce kuɗin cefanen kwana ɗaya ba, ban ga dalilin da mutum zai hana kansa taɓa abin da ya saya don sha'awa ba. Ƙari a kan haka, kwalin ba ya kare ta kamar yadda ake zato. An ɗaure gashinta da hannayenta da 'yan robobi, waɗanda bayan shekaru suke narkewa su manne a gashi ko su bushe su karye. Ledar gaban kwalin takan koma ruwan ɗorawa ta tsage. Yadi mai duhu, musamman ja da baƙi da kore, yana iya rina fatar robar inda ya daɗe yana gogarta. Robar ƙafafun kanta takan fitar da wani maiƙo mai danƙo, domin sinadarin da aka sa don ta yi laushi yana tsattsafowa a hankali. Duk wannan yana faruwa a rufe, mai ita kuma ba ta da halin yin komai sai kallo ta leda.

Shawarata ita ce ki jera kwalayen shida a wuri mai haske ki dube su ɗaya bayan ɗaya. Wadda kwalinta bai lotse ba, ledar ba ta sauya launi ba, kuma babu alamar kore a kunne, ki bar ta a rufe idan ranki ya fi kwanciya da haka. Wadda kwalinta ya riga ya lalace, kin huta, domin darajar rufin ta tafi, sai ki buɗe ta a hankali daga ƙasa, ki yanke wayoyi da zaren da suka riƙe ta da ƙaramin almakashi maimakon fizga, ki ajiye abin da ake tsayar da ita a kai da duk wata takarda ko ɗan ado da ya zo tare da ita. A matsayina na tela, sai na buɗe nake ganin abin da na saya. Ki juya rigar ta 1991 ki ga yadda aka haɗa karammiski a jikin da ƙugunsa bai fi yatsu biyu ba, da yadda aka tattara yadi a ƙugu ba tare da ya yi tudu ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗinka hannun riga mai faɗin ɗan yatsa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mata ne a masana'antun Asiya suka yi ta yin sa da keke, dubbai a kan dubbai, ba tare da an rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a kwali ba.

Koren kunne da sauran gyara

Koren da kika gani daga ɗan kunnen ƙarfe yake. Tagullar da ke cikinsa ce ke haɗuwa da robar kan, ta yi irin tsatsar nan mai kore, launin kuma ya shige cikin robar ya riƙa yaɗuwa zuwa kumatu. Abu na farko shi ne ki cire 'yan kunnen yau ɗin nan, ki goge ramin da auduga da ɗan sinadarin goge ciwo, ki ajiye su daban. Wannan zai rage ci gabansa, amma fitar da wanda ya riga ya shiga aiki ne na makonni ko watanni, wani lokaci ma ba ya fita duka. Za ki ji ana ba da shawarar man ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyl peroxide. Yana cire tabon biro da na rini, amma ni ya taɓa cutar da ni: na shafa wa wata a kumatu, na ajiye ta a taga na manta har kwana huɗu, na dawo na tarar tabon ya tafi, tare da launin fatar wurin da rabin jan leɓenta. Idan za ki gwada, ki fara da wurin da gashi ke rufewa, ki riƙa dubawa kullum, kuma kada ya taɓa fentin ido ko na baki.

Gashin yawancin Barbie na wancan zamani zaren kanekalon ne, sunan da duk macen da ta taɓa sayen gashin ƙarin kitso ta sani, kuma halinsa ɗaya ne a kan mutum da kan 'yar tsana: yana da laushi, yana saurin cukurkuɗewa, ba ya son zafi mai yawa. Ki wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ki shafa man laushin gashi, ki taje daga ƙarshe zuwa sama kina riƙe da tushen, ki bar shi ya sha iska. Kada ki kusantar da na'urar busar da gashi. Rigunan kuwa ban cika wanke su ba, domin ƙyalƙyalin manne yake da gam kuma jan yadi yana zuba. Burushi mai laushi, irin na kwalliyar fuska, ya isa kakkaɓe ƙura.

Ajiya a can da kai su gida

Abubuwa uku ne ke kashe waɗannan kaya: zafi, danshi da hasken rana. A gidajen Amurka mutane sukan tura su ɗakin saman rufi, inda zafi ke dafa su da bazara, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda danshi ke kawo fumfuna a kwali. Kabad ɗin cikin ɗakin da kike kwana ya fi duka biyun. Idan za ki baje su don kallo, ki sa su a kabad mai gilashi nesa da taga, ki jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Kai su Kano yana yiwuwa, amma ki yi lissafi tukuna. Kwalaye shida za su cinye akwati guda, kuma da wuya su sauka ba su lotse ba, don haka kuɗin ɗaukarsu zai iya fin kuɗinsu. Waɗanda za ki tafi da su, gara ki buɗe su, ki naɗe kowace a farin ƙyallen auduga da aka wanke, ki cusa farar takarda mai laushi a ƙarƙashin siket ɗin don kada ya kwanta. Can kuma zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka, kuma irin wannan zafi yana gaggauta danƙon ƙafa da narkewar robobin gashi. Ƙurar hunturu tana shiga yadin raga ta zauna, damina kuma ta zo da nata danshin. Ki nema musu ɗaki mafi sanyi a gidan da kabad mai rufuwa sosai, kada kuma ki ɗaure su cikin leda, domin leda tana tara gumi. Game da hukuncin ajiye mai siffar mutum a gida, sanannen abu ne cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tana ƙarama, amma yadda wannan ya shafi babba mai jera su don ado fage ne na malamai, su za ki tuntuɓa, ni iyakata allura da zare.

Maganar maigida

Ki gaya masa cewa manya masu wannan sha'awa suna da babban taronsu na shekara-shekara a Amurka tun 1980, kuma wata Bajamushiya mai suna Bettina Dorfmann, mazauniyar Düsseldorf, ta shiga kundin Guinness da Barbie sama da 15,000. A 2004 Mattel ya fito da tsarin lakabi na launuka don manyan masu saye, inda a lokacin mai lakabin Platinum ba ta wuce guda 1,000 a duniya, kuma mai zanen kayan taurari Bob Mackie shi ya tsara rigunan ƙarshen shekara na 2005 da 2006. Mu ma ba baƙin tara abu don ido ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amaryar da, ya ga jeren kwanoni da tasoshi har rufi waɗanda ba a taɓa zuba musu miya ba, ya san wannan sha'awa.

Idan kin yanke shawarar ci gaba, ki zaɓi iyaka tun yanzu, domin harkar ba ta da ƙarshe kuma gida yana cika da wuri. Cika jerin 1988 zuwa 1998 buri ne mai yiwuwa, guda goma sha ɗaya ne kacal, kin riga kin mallaki bakwai, kuma ta 1988 ce kaɗai za ta sa ki buɗe jaka sosai. Wasu baƙaƙen kawai suke bi, wasu kuma sun koma ga na bukukuwan wasu al'ummu, kamar ta ranar tunawa da mamata ta Meziko da aka fara a 2019. Takamaiman kuɗin naki bakwai ɗin ba zan iya yanke shi ban gan su ba, domin lotsewar kusurwa ɗaya ko warin taba a kwali yana sauya lissafi. Ki ɗauki hoton gaba da bayan kowane kwali, da ƙasansa inda lambar kaya take, da kunnuwan wadda ke waje daga kusa, ki aiko mini, sai in gaya miki wadda zan buɗe da wadda zan bari da a ce nawa ne.